Fuskar A-kori-kura: Yadda Tsohuwar Fijo Ta Ƙi Mutuwa

Wanda ya tsaya bakin titin Haɗeja, tsakanin Kawaji da kasuwar 'Yankaba, zai ga a-kori-kura ɗauke da kwandunan tumatir, bonet ɗinta fari, ƙofarta shuɗiya. Wannan dabbare-dabbaren yana da tarihi.

A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Lokacin naira na da ƙarfi, hukumomi na sayen 504 birjik, kayan gyara sababbi kuwa ba su gagari direba ba. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Sai ido ya koma kan matattun motoci.

A nan wata dabarar injiniyoyin Faransa ta yi rana. Gaban 504 ta ɗaukar kaya kusan ɗaya ne da na salun, bambancin yana baya. Saboda haka salun ɗin ma'aikacin gwamnati da ta yi hatsari ko ta tsufa takan ƙare a Kofar Ruwa, a kwance bonet, fitilu, bamba da lagireto, mai walda ya ɗora su a kan motar ɗan kasuwa. Kayan 404 dai ba sa zama a kan 504 sai an yanka an ƙera.

A ganina illar ɗaya ce, kuma babba: sabuwar fuska takan ɓoye shasin da ya lanƙwashe. Shi ya sa tsofaffin direbobi kan durƙusa su leƙa ƙarƙashin mota kafin su taya.