Mahautan New Bell da Sanin Jikin Dabba

Unguwar New Bell da ke Duwala ta samo asali ne daga zalunci. Tun daga 1910 Jamusawa, masu mulkin Kamaru a lokacin, suka ƙudiri tayar da 'yan ƙasa daga filayensu na bakin kogin Wuri, su tura su bayan gari, domin Turawa su zauna a gaɓa su kaɗai. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Sabuwar unguwar ba ta karɓu ga waɗanda aka yanka ta dominsu ba, sai ta zama zangon baƙi a zamanin Faransawa: Bamileke da Basa da Hausawa, waɗanda har yau akwai shiyyar da ake kira da sunansu.

Cikin abubuwan da suka ba Bahaushe gindin zama a wannan birni har da nama. Kurmin kudu ba ya riƙe shanu masu tozo, saboda ƙudan tsando, wanda ke huda fata ya zuba ƙwayar cutar sammore a cikin jini, dabba ta yi ta ramewa har ta faɗi. Sai a 1895 likitan sojan Ingila David Bruce ya tabbatar da haka a ƙasar Zulu, amma makiyaya sun daɗe da sanin cewa kurmin bakin rafi makabartar shanu ne. Dole aka riƙa koro gudali daga tudun Adamawa, tafiyar makonni a ƙasa, har zuwa 1974 da layin dogo ya isa Ngaundere. Fatake da dillalai da mahauta Hausawa suna cikin waɗanda suka riƙe wannan hanya.

Mahauci bai karanta ilimin sassan jiki a aji ba, wuƙa ce ta koya masa. Fatar da yake feɗewa hawa-hawa ce. Akwai ta sama, siririya, wadda kullum take mutuwa tana sabuntawa. Ƙarƙashinta akwai mai kauri, inda saiwar gashi da mafitar gumi da hanyoyin jini suke, da kuma bakunan jijiyoyin da ke jin taɓi da zafi da sanyi. Sannan sai shimfiɗar kitse da tantani, wadda wuƙa ke bi ta raba fata da tsoka. Idan ƙuda ya sauka a gadon bayan sa, fatar ta yi tsuma, saƙo ne ya tafi laka ya dawo ga wata siririyar tsoka da ke manne da fatar, tun dabbar ba ta waiwaya ba. Hawa na tsakiyar nan shi majemin Kano ke jiƙawa da bagaruwa ya zama fatar takalmi. A Duwala kuwa, inda ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, ƙirgi kan ruɓe kafin ya bushe. Ga kuma kasuwar ganda, wadda mutanen kudu ke kira kanda suna sa ta a miya. Abin da ke ba fatar takalmi ƙarfi shi ne ke narkewa ya yi danƙo a tukunya.

Kalmar da ta fi rikita ɗalibi ita ce jijiya. Hausa na kiran abu uku da ita: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin talaucin harshe, amma hukuncin ya yi gaggawa. Masu sana'a suna rarrabewa idan buƙata ta taso: su ce jijiyar jini, su ce agara ga ta bayan ƙafa, su ware laka daga ɓargo, ko da yake dukansu biyu a cikin ƙashi suke kwance.

Fiƙihu ma ya tilasta wannan rarrabewa. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, yanka ba ya inganta sai an yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini biyu na wuya, kuma an karhanta zarcewa da wuƙa har laka da gangan kafin rai ya fita. Malamai sun lissafa tsinkewar laka da zubewar ƙwaƙwalwa cikin raunukan da dabba ba ta tashi bayansu. Ilimin zamani ya bayyana dalilin: yanke jijiyoyin wuya na katse wa ƙwaƙwalwa jini, shure-shuren da ke biyo baya kuwa akasarinsa aikin laka ne.

Masu kora suna da nasu sanin. Idanun sa a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina ban da daidai bayansa, shi ya sa wanda ya ɓullo masa ta nan ba zato yake shan shuri.

A 1974 gwamnatin Kamaru ta kafa kamfanin SODEPA domin bunƙasa kiwo da sarrafa nama, daga baya aka gina babbar mayanka a Bonendale, ƙetaren Wuri. Tun daga nan yankan shanu da yawa ya koma can, inda likitan dabbobi ke duba huhu da hanta kafin a buga wa nama hatimi a kai shi kasuwa.