Mayaƙan Gudummawa: Daular Rum da Daurar Zango a Ƙarƙashin Damagaram

Babu wata babbar daula da ta yi yaƙe-yaƙenta da 'ya'yanta kaɗai. Abin bincike shi ne yadda take riƙon waɗanda suka kawo mata gudummawa, domin a nan ake gane ko za su narke a cikinta ko za su fita da sunansu.

A zamanin Sarki Agustus aka daidaita tsarin sojan Rum gida biyu: manyan rundunonin 'yan ƙasa, da ƙananan rundunonin mutanen da aka ci da yaƙi. Waɗannan na biyu, kowace runduna kimanin mutum 500, su suka cike giɓin Rumawa, waɗanda gwanintarsu ta dakaru ce. Barade daga Numidiya da ƙasar Gol suke zuwa, 'yan baka kuwa daga Sham. Da fari sukan fita yaƙi a bayan shugabanninsu na gado, kuma Rum ta ɗanɗana kuɗarta. Arminiyus, wanda ya koyi yaƙi a irin wannan aiki, shi ya hallaka manyan rundunoni uku a dajin Jamus a shekara ta 9 Miladiyya. Batawiyawa, waɗanda aka ɗauke wa haraji don su riƙa ba da mazaje, sun yi bore a shekara ta 69. Daga nan aka fi tura rundunonin nesa da gida, a hannun hafsoshin Rum. Wanda ya cika shekara 25 yana aiki sai a ba shi shaidar zama ɗan ƙasa, rubuce a kan faranti na tagulla. Jikansa ba ya tuna wata ƙabila.

Mu dubi Daura. Bayan da Malam Isiyaku ya ci birnin a farkon jihadi, Sarkin Gwari Abdu, mai sarautar birnin, ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure. Zango ta shiga inuwar Damagaram, wadda ta ƙasaita a zamanin Tanimu, mai bindigogi da igwa, da ya rasu a 1884. Sharaɗin inuwa sananne ne a ƙasar Hausa: gaisuwa, da fitowa da dawakai idan an buga tambarin yaƙi. Ta wannan fuska matsayin Zangon Daura ya yi kama da na Batawiyawa kafin borensu.

Sai dai a nan hanyoyin suka rabu. Damagaram ba ta ɗebi mutum ɗai-ɗai ta mai da shi nata ba, ba ta kuma da ofisoshi da albashin da za su ba ta damar yin haka. Sarki ta karɓa tare da fadawansa da masu sarautarsa, ta bar shi a ƙasar kakanninsa, kusa da birnin da yake kwaɗayin komawa. Wani zai ce wannan rauni ne, kuma ta fuskar mai daula gaskiya ne, tunda amanar rundunar tana wuyan mutum guda. Amma ga wanda ke ƙasa, raunin nan shi ne rufin asiri. Kusan shekara 100 gidan sarautar ya yi a waje bai watse ba, har Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa na gidan Zango gadon Daura.

Turawan nan ma, in an lura, da mayaƙan gudummawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, akasarinsu 'yan Afirka, da yawa masu jin Hausa. Sun ɗauki salon Rum wajen raba soja da sarkinsa, amma ba su biya ladan da Rum ta biya ba.

A ganina, kuskure ne a auna zaman Zango da mizanin biyayya kawai. Gudummawar yaƙin da ta bayar ita ce kuɗin da ta fanshi sarautarta, kuma zuriyar Malam Musa ce ke mulkin Daura har yau.