Baƙin ruwan masana'antar takarda: mene ne shi, kuma yaya doka ke tsare shi daga shiga kogi?

Kwalin da ake zuba sabulu ko madara a ciki, da buhun siminti mai launin ƙasa-ƙasa, yawancinsu da takarda iri ɗaya ake yin su, wadda ake kira kraft. Kalmar ta Jamusanci ce, ma'anarta ƙarfi. Wani mai suna Carl Dahl ne ya ƙirƙiro hanyar sarrafa ta a shekara ta 1879, kuma har yau da ita ake fitar da mafi yawan ɓargon itacen da ake yin takarda da shi a duniya.

Ana yayyanka itace ƙanana, a dafa shi a tukunyar ƙarfe mai zafin da ya kai kusan digiri 170, cikin soda mai ƙuna, irin wadda masu sabulu suka sani, haɗe da wani gishiri mai ƙibiritu. Dahuwar tana narkar da liginin, wato ƙaron da ke riƙe zaren itace, sai zaren ya saki. Kusan rabin itacen ne ke narkewa ya bi ruwan dahuwa. Wannan ruwa shi ake kira baƙin ruwa: yana da kauri, yana da wari, yana kuma cin fata.

Masana'anta ba ta son ta yi asararsa, don dukiya ne. Ana ƙafe shi har ya yi kauri, a ƙone shi a babban murhu. Zafin ya ba da tururi da lantarki, tokar kuma a mai da ita sodar da za a sake dahuwa da ita. Matsalar tana tasowa ne ranar da wata na'ura ta toshe ko randa ta fashe.

Idan ya shiga kogi, ɓarna biyu yake yi. Sodar tana ƙona matsatsin da kifi ke numfashi da shi nan take. Sannan ƙananan halittun cikin ruwa suna far wa narkakken itacen da ci, suna zuƙe iskar oksijin, sai kifi ya shaƙe ko da yana nesa da inda abin ya zuba. Wannan ta biyun ta fi kisa, domin tana tafiya da ruwa kilomita da yawa.

Kusan duk masana'antun takarda suna zubar da ruwa. Abin da doka ke yi shi ne ta ƙayyade nawa, kuma mai wane hali. A Amurka, dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta haramta zuba ƙazanta a kogi ba tare da takardar izini ba, kuma izinin ba ya wuce shekara biyar sai an sabunta shi. A cikinsa ake rubuta iyakar abubuwa kamar yawan oksijin da ruwan zai cinye cikin kwana biyar, da nauyin dattin da ke yawo a ciki, da ƙarfin soda ko tsami. A Faransa, prefe ne ke sa hannu a kan ƙudurin izini, ma'aikatan hukumar DREAL kuma su ke zuwa bincike. Ƙa'idar Faransa ta ce kowace randar ruwa mai haɗari sai an kewaye ta da wurin tara malala, wanda zai iya ɗaukar dukan abin da ke cikin randa mafi girma, ko rabin abin da ke cikin randunan gaba ɗaya, duk wanda ya fi yawa.

Akwai rauni a tsarin. Kamfanin da kansa ne ke ɗibar ruwansa, ya auna, ya aika wa hukuma da sakamako. Mai bincike yakan zo ne jefi-jefi. Shi ya sa sharaɗin sanarwa yake da nauyi: a Amurka, in aka ƙetare iyaka ta yadda za a iya cutar da mutane ko muhalli, dole a shaida wa hukuma cikin awa 24.

Abin da ya faru a garin Bogalusa na jihar Luwiziyana ya nuna yadda abin ke lalacewa. Ranar 9 ga Agustan 2011, na'urar ƙafe baƙin ruwa ta toshe a masana'antar kamfanin Temple-Inland. Ruwan ya tumbatsa, ya bi magudana zuwa wurin tace ruwan datti. Wurin tacewar kuwa da ƙananan halittu masu cin datti yake aiki, kuma an gina shi ne don ruwan yau da kullum. Baƙin ruwa mai yawa ya fi ƙarfinsu. Ƙazantar ta yi kwanaki tana kwarara cikin kogin Pearl kafin a tsayar da injina ranar 13 ga wata. An ƙiyasta kifi sama da dubu 160 da dodon koɗi na ruwa sama da dubu 430 suka mutu, har da wani babban kifi da doka ta hana a taɓa. A 2013 kamfanin, wanda International Paper ya riga ya saye, ya amsa laifinsa a kotun tarayya, aka ɗora masa biyan dala miliyan 3.3. Toshewar na'ura ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Kwanaki huɗun da suka biyo baya su ne laifin.

A Biganos, kusa da Bordo a Faransa, abin farat ɗaya ya zo. Ranar 5 ga Yulin 2012 wata randar kamfanin Smurfit Kappa ta fashe, ta amayar da lita kusan miliyan uku da rabi. An tare mafi yawa a cikin harabar masana'antar, amma wani ɓangare ya kai rafin Lacanau da kogin Leyre, mai zuba a tafkin Arcachon inda dubban mutane ke rayuwa da kiwon kawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Masana'antar ta yi makonni a rufe.

Mafi muni shi ne na Cataguases a Birazil, ranar 29 ga Maris 2003. Can ba a ƙona baƙin ruwan aka yi ba, tara shi aka yi shekara da shekaru a bayan madatsar ƙasa. Da madatsar ta ɓalle, sama da lita miliyar ɗaya ta shiga kogunan Pomba da Paraíba do Sul, aka rufe famfo ga ɗaruruwan dubban mutane na tsawon kwanaki.

Dabarun rigakafi ba su da wani sirri. Baƙin ruwa yana ɗauke da gishiri, saboda haka lantarki yana ratsa shi fiye da ruwan banza. Ana sa ma'aunin wannan a cikin magudanu, da zarar ya haura sai ƙararrawa ta kaɗa, a karkatar da ruwan zuwa ramin ajiya, daga baya a mayar da shi murhu. Ana sa wa randuna alamar cika, ana kuma auna kaurin ƙarfensu lokaci-lokaci, tun da soda mai zafi tana cinsa daga ciki inda ido ba ya gani. Tun 1998 Amurka ta wajabta wa masana'antun da ke faranta ɓargon takarda su rubuta tsarin hana malala, su horar da ma'aikata, su riƙa auna ruwan da ke shiga wurin tacewa kowace rana.

Matakin da ya fi wuya shi ne wanda ba na'ura ke ɗauka ba. Tsayar da masana'anta irin wannan yana cin kuɗi mai yawa, sake tayar da ita kuma yakan ɗauki kwanaki, don haka shugaban ma'aikatan dare yakan so ya jira ko abin zai gyaru da kansa. Tsarin da ya amsa sunansa yana rubuta adadin da in ma'auni ya kai shi za a rage aiki ko a tsaya, kuma yana bai wa wanda ke bakin aiki ikon yin haka ba sai ya tashi darakta daga barci ba.