2.4 Ma'ana da Asalin Kalmar Tsakiya

Tsakiya wani dutse ne mai tauri da sheƙi, wanda jikinsa ke ɗauke da ratsi-ratsi na ja da fari ko ruwan ƙasa. Akan fere shi dogo-dogo, a huda, a zarga a zare domin adon wuya. A ƙasashen Gusau da Tsafe da Bungudu, waɗanda suka koma ƙarƙashin Jihar Zamfara a shekarar 1996, tsakiya na cikin kayan adon da mata ke gada daga iyaye mata.

Mai karatu zai iya zaton sunan ya samu ne domin ana sa dutsen a tsakiyar abin wuya. Wannan zato bai inganta ba. Wasalin farko na sunan dutsen dogo ne, na "tsakiya" mai nufin cibiyar abu kuwa gajere ne. Rubutun boko na yau da kullum ne ya haɗe su, domin ba ya nuna tsawon wasali.

Akwai wasu sunaye biyu da ke nuna hanyoyin da irin wannan dutse ya biyo. Na farko shi ne lantana, wato jan dutsen da fatake Hausawa kan sayo daga yankin Kirtashi, a bakin kogin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sukan kai shi Tsohuwar Oyo, bayan rushewarta kuma a shekarun 1830 sai sana'ar feransa ta koma Ilori. Wannan suna har mata ake kira da shi.

Na biyu shi ne aƙiƙ, aro daga Larabci, wanda aka fi ji a bakin malamai dangane da dutsen zobe. Ƙasar Yaman ta yi suna wajen samar da shi. Haka kuma garin Kambai na Indiya ya daɗe yana aiko da shi Afirka, kafin garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar a ƙarni na 19 da dutsen da ake haƙowa a Barazil.

Bisa ga wannan, sunayen uku shaida ce ta tarihin fatauci. Mai nazarin da ya fassara sunan tsakiya daga rubutu kawai, ba tare da sauraren furuci ba, zai ba kalmar asalin da ba nata ba.