Littafin Margaret Atwood da Dokar Haihuwa ta Romaniya

Akwai wani littafin labari na Turanci mai suna The Handmaid's Tale, wanda Margaret Atwood 'yar ƙasar Kanada ta fitar a 1985. Na karanta shi, ya kuma tsaya mini a rai. Labarin wata ƙasa ce wai ita Gilead, da aka kafa a kan kufan Amurka bayan haihuwa ta yi ƙaranci. Sai hukuma ta tattara matan da ke iya ɗaukar ciki, ta sa musu jajayen kaya, ta rarraba su gidajen manya su haifa musu. Mai ba da labarin ko sunanta na yanka ba a bar mata ba. Offred ake ce mata, wato ta Fred, kamar shaidar da ake yi a jikin buhu.

Mai karatu zai ce ai shaci-faɗi ne na marubuta. To amma Atwood ta sha faɗin cewa ba ta sa komai a littafin ba sai abin da ya taɓa faruwa a wani wuri. A ƙarshensa ma an ambaci Romaniya.

A 1966 Nicolae Ceausescu, shugaban jam'iyyar kwaminisancin ƙasar, ya ga haihuwa ta ragu, ga shi yana son ma'aikata. A watan Oktoba aka kafa Doka ta 770, wadda ta haramta zubar da ciki sai ga 'yan tsiraru, kamar wadda ta haura shekara 45, ko mai 'ya'ya huɗu, ko wadda cikin zai halaka ta. Maganin tazarar haihuwa ya ɓace daga shaguna. A 1967 haihuwa ta kusan ninkawa. Wanda ya wuce shekara 25 bai haihu ba, haraji ya hau kansa. Daga baya har masana'antu ake tura likitoci su duba mata, don kada wani ciki ya ɓuya wa hukuma.

Ni ɗan kasuwa ne, na san duk hajar da aka hana, bayan fage take komawa, ta yi tsada, jabu ya yi yawa. Haka aka yi. Mai hali ta ba likita toshiyar baki, har da kwalin sigarin Kent, wanda ya zama kamar kuɗi a ƙasar. Talaka kuwa sai hannun ɗan kama-karya a ɗakin duhu. An ƙiyasta mata kusan 10,000 sun mutu ta wannan hanya.

Kada a ce ina goyon bayan zubar da ciki. Haihuwa kyautar Allah ce. Abin da ya ƙona mini rai, mutumin ba don tsoron Allah ya yi ba, lissafin leburori yake yi. A shekarun 1980 ya riƙa fitar da abinci waje don biyan bashi, uwa tana layin burodi da goyo a hannu. Da yawa suka kai 'ya'yansu gidajen marayu don ba abin ba su.

An harbe Ceausescu da matarsa Elena ranar 25 ga Disamba 1989, washegari aka soke dokar. Waɗanda aka haifa a 1967 suna da shekara 22 a lokacin, suna cikin samarin da suka cika titunan Timisoara da Bukarest. Da aka buɗe gidajen marayun a 1990, an tarar da yara sama da 100,000.