Zinariya Da Jabunta A Ƙasar Tonawa: Yadda Magabata Ke Tantancewa

Duk lokacin da aka buɗe akwatin lefe a zangunanmu, daga Kumasi har Nima, idon mata kan fara sauka ne a kan sarƙa da 'yan kunne. Sai a juya maƙullin sarƙar ana neman 'yar lambar da aka buga, 750 ko 875 ko 916, wato karat 18 ko 21 ko 22. Da an gan ta sai hankali ya kwanta. Wannan dogaro da hatimi baƙon abu ne a ƙasar nan. Shekaru ɗaruruwa aka yi ana cinikin zinariya a nan ba tare da shi ba, kuma masu cinikin ba su fi mu saurin ruɗuwa ba.

A daular Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, garin zinariya shi ne kuɗi. Da shi ake biyan tara da haraji, da shi ake sayayya a kasuwa. Abin da ya zama kuɗi kuwa ba ya rasa masu yi masa algus. Willem Bosman, wani Baturen Holan da ya daɗe yana aiki a gaɓar teku wajen Elmina, ya bayyana dabarun a littafinsa na 1704. Akan zuba curi wanda bayansa zinariya ce, cikinsa kuwa jan ƙarfe. Akan goge tagulla ta zama gari, a rina ta, a cuɗa da na gaskiya. Sai bayan wata ɗaya ko biyu launin ya dushe, lokacin mai sayarwa ya daɗe da yin nisa. Kada mu ɗauka ha'incin na ɓangare guda ne: tagullar da ake yin algus ɗin da ita, jiragen Turawan ne ke sauke ta a gaɓar.

Maganin kowace dabara yana hannun ɗan kasuwa. Curi babba, a sa wuƙa a tsaga shi a ga cikinsa. Gari kuma a zuba shi a wani faranti na tagulla mai kama da cebur, wanda Tonawa ke kira famfa, a riƙa girgizawa ana hurawa a hankali. Zinariya ta ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, saboda haka yashi da garin jabu su ne ke tashi, ita kuwa ta zauna. Duk macen da ta taɓa sheƙar hatsi a faifai ta san wannan hikima, bambancin kawai tsadar abin da ke cikin faifan. Sannan ga baƙin dutsen gwaji: a goga abin a kansa, a goga zinariyar da aka amince da ita a gefe, a kwatanta launin zanen biyu. Turawa suka ƙara da ɗiga ruwan asid, wanda ke cinye tagulla ya bar zinariya, har suka riƙa ɗaukar 'yan ƙasa aiki musamman don tantancewa kafin a karɓi ko ƙwaya ɗaya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne awo. Mai saye da mai sayarwa kowa na zuwa da nasa sikeli da nasa duwatsun awo na tagulla, waɗanda aka zuba cikin siffar tsuntsu ko kada ko mutum, da yawansu ɗauke da karin magana. A auna a na wannan, a sake aunawa a na wancan, a yi ta ja-in-ja har a daidaita. Ba wanda ke jin an ci masa fuska don an sake awo. Binciken Timothy Garrard, wanda ya fito a 1980, ya nuna cewa tushen waɗannan ma'aunai daga arewa yake: Wangarawa ne suka kawo su ta hanyar Jenne zuwa kasuwar Bego, kuma a cikinsu akwai miskali, mai nauyin giram huɗu da 'yan kai. Miskalin nan dai shi ne wanda malamanmu ke lissafa nisabin zakka da shi, miskali ashirin, da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari.

A nan ya kamata mu tsaya kan gaskiya game da namu rabon a tarihin. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja goro suka zo nema, kuma a kasuwar Salaga wuri ne kuɗin yau da kullum. Tonawa ba su cika barin ayarin arewa ya gangaro cikin kurmi ba. Sai bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, Ingilishi kuma suka kama Sarki Prempeh a 1896, sannan zangunan kudu suka cika da mutanenmu. Mun iso ke nan daidai lokacin da tsohon tsarin ke mutuwa, domin tun 1889 gwamnatin mulkin mallaka ta soke amfani da garin zinariya a matsayin kuɗi a yankin da take riƙe da shi. Sulalla suka maye gurbinsa, duwatsun awon suka koma kayan tsaraba na Turawa, yau dubbansu na cikin gidajen tarihi a Ingila da Amurka.

Dutsen gwajin dai bai mutu ba. Har gobe, in kika kai sarƙa wurin maƙerin zinariya a Kumasi ko Akra don sayarwa, ba zai tsaya ga lambar da ke maƙulli ba, ya san kowa na iya buga ta a kan tagullar da aka yi wa wankan gwal. Zai ɗora ta a sikeli, ya kanga mata maganaɗisu, ya ɗan goge wani lungu da ba a gani don ya wuce fatar waje, ya goga a baƙin dutse, ya ɗiga asid. Abin da yake yi ranar da za a sayar, a gabanki zai yi shi ranar da za a saya, in kin nema, tun kafin a rufe akwatin lefen.