Tarihin Dokar Kula da Ƙananan Gidajen Gajiyayyu a Ingila, 1927 zuwa 2014

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda hukuma a ƙasar Ingila ta yi ta fama da wata tambaya guda har fiye da shekara tamanin, watau wane irin ma'auni ya kamata a auna ƙaramin gida da shi, gidan da ake ajiye tsofaffi ko naƙasassu uku ko huɗu ana ciyar da su, ana yi musu wanka, ana ba su magani, ana kuwa karɓar kuɗi. In an kyale shi saboda ya yi kama da gidan iyali, to, an bar marasa ƙarfi a hannun wanda ba a san halinsa ba. In kuwa an ɗora masa ƙa'idodin asibiti, sai nauyi ya karya shi.

Daga gidan aikin matalauta zuwa 1948

Tun daga dokar matalauta ta 1834, tsohon da ya rasa mai riƙe shi a Ingila makomarsa ita ce gidan aikin matalauta, wani ƙaton gini inda ake raba miji da mata, ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya. Masu hali kuwa suna biyan gidajen jinya na 'yan kasuwa, waɗanda ba wanda ke leƙa su sai a 1927, da majalisar dokoki ta wajabta musu rajista. A 1948 aka soke dokar matalauta ɗungum, aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa gajiyayyu masauki, sa'an nan aka ce gidajen tsofaffi da na naƙasassu na masu zaman kansu su ma su yi rajista. Burin ministan lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, shi ne a maye gurbin manyan gine-ginen nan da gidaje na mutum kamar talatin, inda tsoho zai zauna kamar baƙon otal mai biyan kuɗinsa.

Buri daban, aiki daban. Masanin zamantakewa Peter Townsend ya zaga gidaje 173 a Ingila da Wales, ya wallafa abin da ya gani a 1962 cikin littafinsa The Last Refuge, watau mafaka ta ƙarshe. Ya tarar dubban tsofaffi suna nan a tsoffin gidajen aikin matalauta, suna kawai aka canja. Ya kuma nuna cewa rajistar da doka ta tanada ba ta da haƙora, domin dubawar ba ta da tsari.

Dokar 1984 da ƙofar da ta bari a buɗe

Daga 1980 gwamnati ta fara biyan kuɗin zaman marasa hali a gidajen 'yan kasuwa daga asusun tallafi, ba tare da an bincika ko mutum yana bukatar zaman ba. Kuɗin da ake kashewa ya tashi daga kimanin fam miliyan 10 a 1979 zuwa kimanin fam miliyan 2,500 a 1993. Nan da nan gidaje suka yi ta tsirowa, musamman a garuruwan bakin teku, inda aka mai da tsoffin masaukan baƙi gidajen tsofaffi.

Wannan ne ya haifar da dokar gidaje masu rajista ta 1984. Ta ba ƙaramar hukuma ikon bincika halin mai gida da manajansa, da ginin, da yawan ma'aikata, da ikon soke rajista. To, amma ta keɓe duk gidan da mazaunansa ba su kai huɗu ba. Hujjar ita ce, wanda ya ɗauki tsohuwa ɗaya ko biyu cikin iyalinsa bai kamata a dame shi da takardu ba. Hujja ce mai ma'ana, sai dai macuta sun gane amfaninta kafin kowa. Wanda aka hana shi rajista, ko aka ƙwace masa ita saboda mugun hali, abin da zai yi kawai shi ne ya rage mazauna su koma uku, ya ci gaba da sana'arsa, ba mai ikon taɓa shi.

Wani ɗan majalisa mai wakiltar Bournemouth ta Yamma, John Butterfill, shi ya gabatar da ƙudurin gyara, ya zama doka a 1991, ta fara aiki a watan Afrilu na 1993. Abin lura a nan shi ne irin ma'aunin da aka zaɓa. Ba a auna ɗaki ko ƙofa ba. Abin da aka ce a bincika a ƙaramin gida shi ne ko mai shi mutum ne da ya cancanci a ba shi amana.

Garin neman gira

A shekara ta 2000 aka yi sabuwar dokar ƙa'idodin kulawa, wadda ta karɓe aikin dubawa daga hannun ƙananan hukumomi ta damƙa wa hukuma guda ta ƙasa daga Afrilu na 2002. Wannan gyara ne na gaske, domin a da ma'auni yakan bambanta daga gunduma zuwa gunduma, kuma gidajen ƙananan hukumomi kansu ba sa rajista. Amma ƙa'idodin da suka biyo baya sun shiga har cikin ma'aunin gini: ɗakin mutum ɗaya a sabon gidan tsofaffi kada ya gaza murabba'in mita 12, a tsohon gida kuwa 10, ga faɗin ƙofa, ga yawan makewayi. Babban kamfani yana iya rushe bango ya sāke gini. Matar da ta mai da gidanta masaukin tsofaffi shida ba ta iyawa. Gidaje suka fara rufewa, aka riƙa kwashe tsofaffi daga inda suka saba. A watan Yuli na 2002 ministan lafiya Alan Milburn ya ja da baya, aka sassauta ma'aunin gini ga gidajen da suke nan tun da.

Haka kuma iyalan da ke riƙe mutum ɗaya zuwa uku a gidajensu suka wayi gari doka tana kallonsu tamkar masu gidan gajiyayyu, wasu suka ajiye aikin. A 2004 aka samo mafita: maimakon kowane iyali ya yi rajista, sai ƙungiyar da ke zaɓen iyalan, tana horar da su, tana ziyartarsu, ita ce za ta yi rajista, ita za a duba.

Kada a ɗauka daga wannan cewa gini ba shi da muhimmanci. A Sikotilan, wadda ke da nata dokokin daban, gobara ta tashi a gidan Rosepark kusa da Glasgow ranar 31 ga Janairu 2004, tsofaffi 14 suka rasu. Bincike ya gano wutar ta taso ne daga lalacewar wayar lantarki a cikin wani kabad, hayaƙi ya shiga ɗakunan da ƙofofinsu ke buɗe, ma'aikata kuma ba su sami horon da ya dace ba, har aka yi jinkirin minti tara kafin a kira 'yan kwana-kwana. Daga 2005 Sikotilan ta wajabta sanya na'urar yayyafa ruwa a sababbin gidaje irin waɗannan. Ƙofar da ke tare hayaƙi tana ceton rai. Ƙarin mita ɗaya a faɗin ɗaki ba ya yin haka.

Kammalawa

A 2009 aka kafa hukumar duba ingancin kulawa da ke aiki a Ingila har yanzu. Daga 2014 ta koma auna kowane gida da tambayoyi biyar: ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana tausaya musu, ko ana biyan bukatunsu, ko shugabancin gidan nagari ne. Rahotanninta na shekarun da suka biyo baya sun nuna ƙananan gidaje sun fi manya samun kyakkyawan sakamako.

Darasin wannan tarihi a fili yake. Ƙanƙantar gida ba ta isa ta zama shaidar amana ba, kamar yadda kuskuren 1984 ya nuna, haka nan ma'aunin bango bai isa ya zama shaidar inganci ba, kamar yadda 2002 ta nuna. Abin da ya wajaba hukuma ta riƙe gam shi ne sanin wanda aka ba amana, da tabbatar da rigakafin abin da ke kisa, da shiga gida ba tare da sanarwa ba don a ji daga bakin mazauna kansu. Tsohon da ba ya iya tashi daga gado ba shi da wani mai tsaya masa sai wannan mai dubawa da ya ƙwanƙwasa ƙofa.